Sayar da Seattle SuperSonics da ƙaurarta zuwa Oklahoma City

Seattle SuperSonics, wadda aka fi sani da Sonics, ƙungiyar ƙwallon kwando ce da ta buga gasar NBA ta Amurka daga 1967 zuwa 2008. An sayar da ita a 2006, bayan shekara biyu kuma sababbin masu ita suka kwashe ta zuwa Oklahoma City, tafiyar sama da kilomita 2,000, suka raɗa mata suna Thunder.

Tarihin ƙungiyar

Sonics ta kai wasan ƙarshe a 1978 ta sha kashi a hannun Washington Bullets, sai ta rama a 1979 ƙarƙashin koci Lenny Wilkens, ta ɗauki kofin da shi kaɗai ta ci a Seattle. Ta sake tashe zamanin Gary Payton da Shawn Kemp, har ta kai wasan ƙarshe na 1996, inda Chicago Bulls ta Michael Jordan ta doke ta, ta ci wasanni 4, Sonics ta ci 2. Ɗan Najeriya Olumide Oyedeji ya sa rigarta bayan ta zaɓe shi a 2000. A 2001 wasu attajirai ƙarƙashin Howard Schultz, shugaban kamfanin Starbucks a lokacin, suka saye ta a kan kimanin dala miliyan 200.

Ciniki

Tushen rigimar zauren wasa ne. An yi wa KeyArena, zauren da Sonics ke wasa, gyara a 1995, amma kujerunsa ba su wuce 17,072 ba, kuma Schultz ya ce asara yake tafkawa. Ya nemi majalisar jihar Washington, inda Seattle take, ta sa kuɗin haraji a sake gyara shi, ba ta amsa ba. A ranar 18 ga Yuli, 2006, aka sanar da sayar da Sonics tare da ƙungiyar mata ta Seattle Storm ga attajiran Oklahoma da Clay Bennett ke jagoranta, a kan dala miliyan 350. Cikin sharuɗɗan har da cewa za su yi ƙoƙari tsakani da Allah na wata 12 su samo sabon zaure a yankin Seattle.

Tun ranar mutanen gari ba su yarda da su ba. Oklahoma City ba ta da babbar ƙungiya, ga shi ta ɗanɗani zumar NBA, domin can New Orleans Hornets ta yi zaman kaka biyu bayan guguwar Katrina ta 2005, jama'a kuma suka yi ta cika zaure. Bennett ya kawo shawarar gina zaure na kusan dala miliyan 500 a Renton, kusa da Seattle, galibi da kuɗin jama'a, majalisa ta tashi ba ta duba ba. A Agustan 2007 abokin cinikinsa Aubrey McClendon ya yi suɓul da baka, ya faɗa wa wata jaridar Oklahoma cewa ba don su bar ta a Seattle suka saye ta ba. NBA ta ci shi tarar dala 250,000.

Ƙuri'a da shari'a

Kakar ƙarshe ta yi muni: nasara 20, rashin nasara 62, duk da sabon matashinsu Kevin Durant. A wasan gida na ƙarshe, 13 ga Afrilu, 2008, sun doke Dallas Mavericks 'yan kallo na ihun a ceci ƙungiyarsu. Bayan kwana biyar masu ƙungiyoyin NBA suka amince da ƙaurar da ƙuri'a 28 da 2. Mark Cuban na Dallas da Paul Allen na Portland ne suka ƙi.

Hukumar birnin Seattle ta kai ƙara, tana cewa hayar zauren sai 2010 za ta ƙare. Ranar 2 ga Yuli, 2008, kafin alƙaliya ta yanke hukunci, aka sasanta: Bennett ya biya birnin dala miliyan 45 aka bar shi ya tafi da ƙungiyar, suna da launukan Sonics suka zauna a Seattle. Schultz ma ya shigar da ƙara a warware cinikin, daga baya ya janye. Ko Bennett ya yi niyyar zama tun farko, har yau ana jayayya.

Bayan ƙaura

Wasu mata 'yan kasuwa na Seattle sun sayi Storm, ba ta tafi ba. A 2013 an yi yunƙurin ɗauko Sacramento Kings zuwa Seattle, NBA ta ƙi da ƙuri'a 22 da 8. Thunder ta ci kofi a 2025.

Yadda ake fahimtarsa a Kaduna

Mai bin wasanni a Kaduna yakan sha mamakin wannan labari, domin a nan yawancin manyan ƙungiyoyi na gwamnatocin jihohi ne, kamar Kaduna United, ba wanda zai wayi gari ya ji an kai ta Fatakwal. A NBA kuwa ƙungiya hajar mai ita ce, babu faɗuwa ƙaramin rukuni, kujera a gasar ita ce dukiyar. Masu raba dare suna kallo, tun da wasannin sukan faɗo bayan ƙarfe ɗayan dare agogon Najeriya, da yawansu da sunan Thunder suka san ƙungiyar. Tsofaffin 'yan wasa a Kaduna da Zariya, garin da Masai Ujiri, wanda ya shugabanci ƙungiyar Toronto Raptors ta NBA, ya tashi, su ne ke tuna koriyar riga ta zamanin Payton.