Me ake nufi da tuƙi cikin maye?

Da an ce tuƙi cikin maye, hankalin mutanen Katsina sai ya koma kan giya, har a ce ai wannan ba da mu ake ba, tunda shari'a ta hana sayar da ita a jihar. Doka ta fi haka faɗi. Dokar Hukumar Kiyaye Haɗurra ta 2007 ta haɗa giya da ƙwaya a laifi ɗaya: duk wanda ya riƙe sitiyari alhali barasar da ke jininsa ta haura giram 0.5 a kowace lita, ko abin da ya sha ya hana shi sarrafa motar yadda ya kamata, ya faɗa ciki. Hukuncin da ta yanka shi ne tarar naira 5,000, ko ɗaurin da bai wuce shekara 2 ba, ko a haɗa masa duka. Tarar ta yi kaɗan ƙwarai idan aka auna ta da ran fasinja.

Mu a nan ƙwaya ce damuwarmu. Direban da zai yi sawu uku tsakanin Katsina da Daura, ko ya kwashi 'yan kasuwar Mai'aduwa ranar Lahadi, yakan afa tiramol da shayi tun asuba, wai don ya kashe gajiya. Shi a ganinsa ƙarfi ya ƙara. Amma tiramol na kawo gyangyaɗi da jiri, idan ta yi yawa har jijjiga takan sa irin ta farfaɗiya. Kodin, wanda gwamnati ta hana shigo da maganin tarin da ke ɗauke da shi a 2018, nauyin ido yake sawa, ƙafa ta makara wajen taka birki. Kai, ko maganin mura irin su firiton yana saukar da barci, kuma ba ruwan kwalta da cewa likita ne ya rubuta.

Na'urar da 'yan rod sefti ke miƙa wa direba ya hura, barasa kawai take aunawa a numfashi. Wanda ya sha wiwi ko ƙwaya zai hura ta nuna sifiri, sai an gwada fitsari ko jini gaskiya ta fito. Shi ya sa jami'i ke duban jan ido, da yadda harshe ke harɗewa, da tangaɗi idan an ce a sauko.

Direban da aka tsayar yana da haƙƙinsa, kuma ina so ya san shi. Sashe na 35 na tsarin mulkin 1999 ya ba wanda aka kama damar yin shiru har sai ya gana da lauya. Dole a sanar da shi dalilin kamun a rubuce cikin awa 24, da harshen da yake ji, a kuma kai shi gaban alƙali cikin kwana ɗaya idan akwai kotu a tazarar kilomita 40. Tara kuwa takarda ake yanka masa ya biya ta banki, ba a danƙa wa jami'i a hannu. Idan bai yarda da laifin ba, kotu ce wurin musu, har da ta tafi-da-gidanka. Gardama a bakin titi ko ƙoƙarin tserewa wani laifin suke ƙara masa.

Fasinjan da ya ga direba na lumshe ido yana cin hannun wasu, ya buɗe baki ya ce malam direba a tsaya. Idan ya ƙi, lambar 122 ta rod sefti kyauta ake kiranta.