Sauya katin hoto a tsohuwar kwamfutar wasanni

Katin hoto, wanda masu harkar kwamfuta ke kira GPU, shi ne sashen da ke lissafa duk abin da ido ke gani a allo yayin wasa: haske, inuwa, hayaƙi, motsin ruwa. Kamfanoni uku ne ke ƙera zuciyar waɗannan katuna: Nvidia, da AMD wadda ta sayi kamfanin ATI a 2006, sai Intel da ta shigo kasuwar da jerin Arc a 2022. Idan kwamfutar wasa ta fara gajiya, wannan katin ake fara sauyawa, don cire shi da sa wani bai wuce kwance noti ɗaya ko biyu ba. Wahalar tana wajen zaɓe, domin kati yana aiki ne gwargwadon abin da sauran sassan kwamfutar za su iya ba shi.

Wutar lantarki

A nan aka fi yin asara. Gurbin PCIe da ake soka katin a ciki, a jikin babban allon da ke haɗa sassan kwamfuta (motherboard), wat 75 kawai yake bayarwa. Katin da ya fi haka ci sai an jona masa waya daga na'urar rarraba wuta, wato PSU: mai hanci shida tana ƙara wat 75, mai hanci takwas kuma wat 150. GTX 1060 na 2016 yana cin wat 120, RX 6600 kusan 132, RTX 3060 kuma 170. Manyan katuna irin RTX 4090 suna haura wat 400, har da sabon mahaɗi nasu na daban.

Lambar wat da aka rubuta a jikin PSU ba ita kaɗai ake dubawa ba. Na'urar da ta shekara goma tana shan zafi da ƙura ba lallai ta iya ba da abin da take bayarwa tana sabuwa ba, kuma idan ta gaza, kwamfuta kan mutu tsakar wasa, wani lokaci ta lalata wasu sassan. Kwamfutocin ofis da aka mayar na wasa sun fi shiga wannan matsala, saboda yawancinsu ba su da wayar kati ko ɗaya. A irinsu, kati kamar GTX 1650 wanda wutar gurbi ta ishe shi ne mafita. Jona wayoyin canji masu arha don tilasta wa ƙaramar PSU ɗaukar babban kati ganganci ne.

Furosesa

Kafin kati ya zana hoto, furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta (CPU), ce ke shirya masa aikin: inda kowane ɗan wasa yake, abin da ya faɗi, abin da ya fashe. Idan ta yi nawa, kati zama yake yana jira komai tsadarsa. Wanda ya haɗa RTX 4070 da Core i5-4460 ta 2014, mai cibiya huɗu, ya biya kuɗin gudun da ba zai gani ba a yawancin sababbin wasanni.

Ana iya gane mai laifi tun kafin a kashe ko sisi. A buɗe wasa tare da manhajar sa ido irin MSI Afterburner. Idan tsohon katin yana aiki kusan ɗari bisa ɗari, shi ne ya gaza, sauya shi zai yi amfani. Idan kuwa yana hutawa amma wasan na sarƙewa, matsalar na wajen furosesa ko ƙarancin RAM, ma'ajiyar aiki ta wucin gadi ta kwamfuta. Ƙarfin allon kallo, wato yawan ɗigon hotonsa, ma yana sauya lissafin: a 1440p da 4K masu ɗigo da yawa nauyi yana komawa kan kati, don haka tsohuwar furosesa ba ta cika tona kanta ba kamar a 1080p.

Gurbi da babban allo

Tsarin PCIe, wanda ya maye gurbin AGP tun daga 2004, yana karɓar sabo da tsoho, shi ya sa sabon kati ke aiki a gurbin PCIe 3.0. Ga katin da ke amfani da layin aika bayanai goma sha shida, asarar gudu kaɗan ce. Amma RX 6500 XT layi huɗu kawai gare shi, kuma a tsohon gurbi yana raguwa sosai. Katunan Intel Arc suna buƙatar fasahar Resizable BAR, mai ba furosesa damar isa ga dukan ma'ajiyar kati a lokaci guda, kafin su nuna ƙarfinsu, kuma tsofaffin manyan alluna da yawa ba su da ita. Kwamfutar da ta girmi zamanin UEFI, sabon tsarin tayar da kwamfuta, kuma tana iya ƙin tashi da wasu sababbin katuna gaba ɗaya.

A auna tsawon akwati da abin awo, don wasu katuna sun wuce santimita 30. A duba bayan allon kallo ma: tun daga jerin GTX 10 katunan Nvidia suka daina fitar da siginar VGA, tsohon mahaɗin allon kallo.

Ma'ajiyar katin

Kowane kati yana da ma'ajiyarsa, VRAM, inda yake tara zanen bango, tufafi da fuskoki. Idan ta cika, wasa kan yi tsalle-tsalle ko hoto ya dusashe. Gigabait 4 ya yi kaɗan ga manyan wasannin yanzu, 8 yana wadatarwa a 1080p amma ya fara matsewa, abin da ya sa RTX 3060 mai gigabait 12 ya daɗe yana da farin jini. Fasahohin DLSS da FSR suna zana hoto ƙarami su faɗaɗa shi don ƙara gudu. DLSS sai katunan RTX, FSR kuwa yana aiki har a kan tsofaffin katuna na kamfanoni daban-daban.

Kati na hannu

Ga tsohuwar kwamfuta, katin hannu sau da yawa ya fi dacewa da sabo, don zamaninsu ɗaya. Bayan kuɗin intanet na Ethereum ya daina dogaro da haƙa, wato samar da shi ta hanyar lissafin katunan hoto, a Satumbar 2022, katuna masu yawa da suka yi aiki dare da rana suka kwararo kasuwa. Ba duka ne suka lalace ba, amma fankokinsu da man da ke sanyaya zuciyarsu sukan gaji. Kafin a biya, a sa katin ya yi wasa mai nauyi na aƙalla rabin awa, ana lura da zafinsa, da ƙarar fanka, da ko wasu ɗigo ko layuka masu launi za su fito a allo. A kuma tabbatar kamfanin na ci gaba da fitar masa da sababbin direbobi, wato manhajojin da ke sarrafa katin, a goge na tsohon katin kafin a saka na sabon.