Matakai biyar na shawarar barin taba sigari

Matakai biyar, waɗanda ake kira 5A don sunan kowanne na farawa da harafin A a Turanci, tsari ne da ake koya wa ɗaliban likitanci da likitoci masu neman ƙwarewa don yi wa mai shan taba magana cikin 'yan mintoci. Likita ya tambaya, ya ba da shawarar a bari, ya auna niyya, ya taimaka, sannan ya sa ranar dawowa.

Tarihi

A 1979 Michael Russell, likita mai bincike kan shan taba, da abokan aikinsa suka wallafa binciken da suka yi da likitoci 28 a Landan. Cikin waɗanda likita ya ce su bari, ya ba su takardar bayani, ya kuma ce za a bibiye su, kashi 5.1 cikin ɗari sun daina har shekara ta zagayo. Cikin waɗanda ba a ce musu komai ba, kashi 0.3 ne kacal. Adadin ba yawa, amma kusan kyauta aka same shi, kuma shi ya buɗe ƙofar wannan tsari. Wajen ƙarshen shekarun 1980 cibiyar binciken sankara ta Amurka ta fitar da matakai huɗu. An ƙara auna niyya a jagorar hukumar lafiyar ƙasar ta 2000, wadda likita Michael Fiore ya jagoranta, aka sabunta ta a 2008.

Matasan mata

Sabon likita na iya tuntuɓe a nan. Mai juna biyu takan ɓoye don kunya, shi ya sa ake koya masa kada ya tsaya a "Kina shan taba?" Sai ya jera mata amsoshi ta zaɓa, misali "na rage tun da na samu ciki". A Ingila akan sa mai cikin da ta zo awo ta hura iska cikin wata 'yar na'ura mai gano gubar hayaƙi.

Tsoron ƙiba ma kan hana wasu. Wanda ya bari yakan ƙara kilo 4 zuwa 5 a shekarar farko, kuma gara likita ya faɗi haka tun da wuri. Sauran abin da ake taɓowa shi ne ɓarin ciki, haihuwar bakwaini, rashin nauyin jariri, da haɗarin daskarewar jini idan taba ta haɗu da ƙwayar tazarar haihuwa mai sinadarin istirojin, musamman daga shekara 35.

Magunguna

Akwai cingam da filastan nikotin (sinadarin da ke sa a kamu da taba), da ƙwayoyin bupropion da varenicline masu rage sha'awar taba. Ba wa mai ciki nikotin batu ne da masana ba su daidaita a kai ba.