Tawayen bayi a Karibiyan a cikin finafinan tarihi

Tsibiran Karibiyan sun shafe sama da shekara 300 suna noma rake da gumin bayin da aka kwaso daga Afirka, kuma ba a taɓa rasa tawaye a cikinsu ba. Na Haiti ne ya kai ga gaci: ya ɓarke a watan Agustan 1791, ya ƙare ranar 1 ga Janairun 1804 da Jean-Jacques Dessalines ya ayyana 'yancin ƙasar daga Faransa. Duk da haka finafinan da suka taɓo wannan tarihi ba su da yawa, kuma mafi ƙarfinsu sun fito ne daga Italiya da Kyuba, tsakanin 1969 da 1979.

Queimada

Wanda aka fi ambata shi ne Queimada na 1969, wanda a Amurka aka sa wa suna Burn!. Daraktansa ɗan Italiya ne, Gillo Pontecorvo, Ennio Morricone kuma ya yi masa kiɗa. Tsibirin da ke cikin labarin ƙirƙirarre ne. Da farko an tsara shi a matsayin mallakin Sifaniya, amma gudun ɓata wa gwamnatin Franco, mai mulkin Sifaniya a lokacin, rai da rasa kasuwar ƙasar ya sa aka mayar da shi na Fotugal.

Marlon Brando ya fito a matsayin Sir William Walker, ɗan aiken Ingila da aka turo ya kunna wutar tawaye domin cinikin sukari ya kuɓuce wa Fotugal. Ya sami wani ɗan dako a bakin tashar jirgin ruwa, José Dolores, ya zuga shi har ya zama jagoran bayi. An kashe gwamna, an kafa jamhuriya, an soke bauta. Bayan shekara 10 Walker ya dawo, wannan karon kamfanin sukari ne ya ɗauko shi, aikinsa kuma ya murƙushe mutumin da ya raina da hannunsa. Aka cinna wa dazuzzuka da ƙauyuka wuta har aka kama Dolores. Walker ya ba shi damar gudu ya ƙi, saboda a ganinsa 'yancin da wani ya miƙo maka ba 'yanci ba ne. Aka rataye shi.

Zuciyar fim ɗin tana wurin da Walker ya zauna da masu gonaki yana yi musu lissafi. Bawa, in ji shi, dole ka ciyar da shi, ka yi jinyarsa, ka riƙe shi har ya tsufa. Ɗan ƙwadago kuwa ka biya shi ladan awannin da ya yi, ka sallame shi. Hujjar soke bauta ke nan a bakinsa, ba tausayi a ciki ko kaɗan. Abin da ya sa fim ɗin bai tsufa ba ke nan, don ya nuna yadda tuta kan sauya amma mai sayen rake ya ci gaba da juya ƙasa. Masu kallo na lokacin sun hango yaƙin Biyetnam a cikin ƙauyukan da ke ci da wuta.

An ɗauki yawancinsa a Cartagena ta Kolombiya, aka ƙarasa a Maroko bayan saɓani ya yi tsanani tsakanin Brando da Pontecorvo. Wanda ya fito a Dolores, Evaristo Márquez, bai taɓa yin fim ba kafin wannan. Mutumin San Basilio de Palenque ne, garin da bayin da suka tsere suka kafa. Raunin fim ɗin a fili yake: Walker ne ke da yawan magana, kuma kusan komai ta idonsa ake gani.

Finafinan Kyuba

A Kyuba, hukumar fim ta ƙasa ICAIC, wadda aka kafa a 1959, ta ɗauki nauyin jerin finafinai kan bauta. La última cena na Tomás Gutiérrez Alea, wanda ya fito a 1976, ya faru ne a wata gonar rake a ƙarshen ƙarni na 18. Mai gonar ya zaɓi bayi 12 a makon Ista, ya wanke musu ƙafafu, ya zaunar da su a teburinsa yana yi musu wa'azin haƙuri. Ɗaya daga cikinsu, Sebastián, wanda aka yanke wa kunne saboda gudu, ya tofa masa yawu a fuska. Kashegari Juma'a, ranar da aka ce za su huta, mai kula da gona ya tasa su aiki. Suka kashe shi, suka ƙone injin matse rake. Maigidan ya sa aka farauto mutanen da suka ci abinci tare da shi, aka kafe kawunansu a kan sanduna. Sebastián kaɗai ya tsira. A nan bayin ke da murya, kowa da labarinsa da dabararsa. Sergio Giral ma ya yi guda uku a kan jigon, na ƙarshensu Maluala na 1979, kan matsugunan bayin da suka tsere a gabashin tsibirin.

Haiti

Abin takaici, juyin da ya yi nasara shi ne ya fi rasa fim. Daraktan Tarayyar Sobiyet Sergei Eisenstein ya so yin sa tare da ɗan wasan Amurka Paul Robeson a shekarun 1930, bai yiwu ba. A 2007 gwamnatin Benezuwela ta amince da kusan dala miliyan 18 domin fim ɗin ɗan wasan Amurka Danny Glover kan Toussaint Louverture, jagoran tawayen Haiti, amma ba a kai ga yin sa ba. Abin da aka samu shi ne fim ɗin talabijin na Faransa mai kashi 2 a 2012, wanda Philippe Niang ya ba da umarni, Jimmy Jean-Louis ɗan Haiti ya fito a Toussaint. A wajen Haiti kuma, a 2013 aka yi Tula: The Revolt, kan tawayen 1795 a tsibirin Curaçao ƙarƙashin mulkin Holan.