eBay: kasuwar gwanjon intanet, yadda aka kafa ta da yadda ta bunƙasa

eBay kamfani ne na Amurka da ke haɗa mai saidawa da mai saye ta intanet, hedikwatarshi na birnin San Jose a jihar Kalifoniya. Wanda ya kafa shi sunanshi Pierre Omidyar, an haife shi a Faris ta Faransa a 1967, iyayenshi 'yan Iran ne, tun yana yaro suka koma Amurka inda ya karanta kwamfuta. Ranar 3 ga Satumba 1995 ya buɗe shafin da sunan AuctionWeb, kuma lokacin ma yana da aikinshi na albashi, wannan ɗin abin sha'awa ne kawai da yake taɓawa in ya taso aiki.

Abin da aka fara saidawa wata 'yar tocila ce mai hasken lesa irin wadda malamai ke nuni da ita a allo, kuma ta lalace, ya rubuta ƙarara cewa ba ta aiki amma duk da haka aka taya har ta kai dala 14.83. Akwai wani labari da ya yaɗu wai don budurwarshi ta samu inda za ta rinƙa cinikin gwangwanayen alawar Pez ya kafa shafin, wannan ba gaskiya ba ne, sashen yaɗa labarai na kamfanin ne ya ƙirƙiro shi a 1997 don 'yan jarida su samu abin rubutawa.

Da farko kyauta ne, ba ko sisi. Sai mutane suka yi yawa har kamfanin da ke riƙe mashi shafin ya ɗaga kuɗɗin wata daga dala 30 zuwa dala 250, dole a 1996 ya fara amsar la'ada hannun masu saidawa, kuma kuɗɗin da suka rinƙa shigowa ta gidan waya suka yi yawan da sai da ya ɗauki ma'aikaci. Shekarar nan Jeff Skoll ya shigo a matsayin shugaba. A 1996 gaba ɗaya an yi gwanjo kamar 250,000, amma a 1997 adadin ya ninka sau da yawa. A Satumban 1997 aka maida sunan eBay, kamfanin zuba jari na Benchmark kuma ya sa dala miliyan 6.7.

Yadda gwanjon ke tafiya ba wuya. Mai kaya zai sa hoto da bayani, ya yanka mafi ƙarancin kuɗɗin da za a fara tayi da shi, ya ɗebi kwanaki, galibi bakwai. Kai mai saye ba sai ka zauna gadin waya ba, za ka rubuta iyakar abin da za ka iya biya a ɓoye, na'ura ta rinƙa taya maka kaɗan-kaɗan duk sanda wani ya ɗara ka har ta kai iyakarka ta tsaya, in lokaci ya cika wanda tayinshi ya fi shi aka sallama ma wa. Shi ya sa wasu ke laɓewa sai saura daƙiƙu su jefo tayi don kada a samu damar ƙarawa. Kamfanin kanshi ba ya da sito ba ya da kaya, aikinshi irin na dillali ne a kasuwar dabbobi ta Charanci ko Mai'adua, saniyar ba tashi ba ce, ya dai haɗa ku ya amshi la'adarshi.

Amma dillalin kasuwa ka san fuskarshi ka san gidansu, nan ko mutum ne wanda ba ka taɓa gani ba zai ce ka aiko kuɗɗi shi kuma ya aiko kaya. A ganina nan ne duk hikimar eBay take. A Fabrairun 1996 Omidyar ya kawo tsarin shaida, bayan kowane ciniki mai saye da mai saidawa kowa ya rubuta yadda ɗan uwanshi ya yi mashi, ko ya cika alkawari ko ya ci amana, kuma shaidar nan na manne da sunanka kowa na gani. Mutumin da ya shekara biyar yana tara shaida mai kyau ba zai so ya zubar da ita kan dala ashirin ba. 'Yan damfara ba su ƙare ba, har yau akwai su, amma wannan tsari ne ya sa baƙo ya iya yarda da baƙo, kuma kusan duk kasuwannin intanet da suka biyo baya sun ɗauke shi.

A Maris 1998 aka ɗauko Meg Whitman ta zama shugaba, ma'aikata ba su wuce 30 ba lokacin. Watan Satumba suka shiga kasuwar hannun jari ta NASDAQ kan dala 18 kowane hannun jari, ranar farko farashin ya ninka fiye da biyu. A 1999 suka shiga Jamus ta hanyar sayen Alando, wani shafin gwanjo na can, suka buɗe a Birtaniya da Ostareliya, a 2000 kuma suka kawo tsarin saye nan take ba sai an jira gwanjo ba, wanda daga baya ya rinjayi gwanjon kanshi. A 2002 suka sayi PayPal, kamfanin biyan kuɗɗi ta intanet, kan dala biliyan 1.5 don dama masu cinikin da shi suke biyan juna.

Ba ko'ina suka ci ba. A Japan Yahoo ya riga su kama kasuwa, suka janye a 2002. A Sin sun sayi shafin gwanjo na EachNet, sai kamfanin Alibaba na can ya buɗe tashi kasuwar mai suna Taobao a 2003 ya ce sa kaya kyauta ne kuma ya ba mai saye da mai saidawa damar su yi magana kai tsaye su yi ciniki, eBay na nan yana amsar kuɗɗi, zuwa ƙarshen 2006 ya rufe shafinshi na can. Skype ma, manhajar kiran waya ta intanet, da suka saya a 2005 kan kimanin dala biliyan 2.6 bai yi masu amfanin da suka zata ba, suka saida mafi yawanshi a 2009. A 2014 'yan kutse suka kwashi bayanan masu asusu kusan miliyan 145, a Yulin 2015 kuma PayPal ya ware ya zama kamfani mai cin gashin kanshi. Tun 2020 Jamie Iannone ke shugabanci.

Mu nan gida, masu gyaran waya da 'yan kwamfuta da masu neman kayan gyaran mota su suka fi sanin eBay, sai dai masu kaya da yawa ba su aikowa Najeriya kai tsaye, sai ka sa adireshin wani ɗan uwa ko kamfanin dakon kaya a Amurka ko Ingila. Saidawa kuma ta fi wuya, don ko da PayPal ya buɗe ma 'yan Najeriya a 2014, a lokacin biya kawai aka yarda su yi ban da amsa, wannan ya tauye masu sana'ar fata da ɗinkin hula da ke da kayan da za su iya samun masu taya su a waje.