Mai son kiwon dawakin sukuwa, fara da goɗiya

Duk sa'ad da aka tashi daga sukuwa ko hawan sallah a Argungu ko Birnin Kebbi, ba na rasa matashin da zai tare ni: "Likita, ina son fara kiwon dawaki, wane ingarma zan saya?" Amsata ɗaya ce kullum: ƙanena, bar ingarma tukuna, nemi goɗiya. In lokaci ya yi sai ka kai ta baye a bargar wani ka biya, ka huta da cin ingarma da faɗansa.

Goɗiya wata 11 take ɗaukar ciki, ta ba ka duƙushi ɗaya tal, shi kuma ba ya isa hawa sosai sai ya kai shekara 3. Ka ga ke nan kusan shekara 4 kana zuba harawa da dusa kafin ka ga dokin gudu. Wanda zai ci bashi don ya shiga wannan sana'a, don Allah ya dakata.

Wajen saye, ka je da rana, a ja ta a gabanka kan ƙasa mai tauri, ka dubi ƙafa da kofato, ka buɗe baki ka ga haƙori. Wadda ba ta cika shekara 3 ba kada a kai ta baye.

Lokacin bayen ma abin lissafi ne. In aka yi shi a Disamba, haihuwa za ta zo a Nuwamba, ga harawar wake da ta gyaɗa da araha, ƙwari kuma sun ja baya. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga mu da ke bakin fadamar Rima, domin ƙananan ƙwarin nan masu cizo da magariba su ke yaɗa annobar dawaki ta Afirka, wadda ta fi kayar da dawakin da aka shigo da su daga waje. Da damina a shigar da dabba barga kafin faɗuwar rana, a kwashe kashi, kada a bar ruwa kwance kusa da turke.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne ranar haihuwa. An taɓa kirana wata barga da hantsi; goɗiya ta haihu tun dare, ɗan yana kwance kan yashi, kunnuwa sun saki, hantsar uwar ta cika tam tana ɗiga. Mai gidan ya ce, "Likita, na zaci hutawa yake yi." Bai sha daƙashi ba. A nonon farkon nan duk garkuwar jikinsa take, kuma bayan kwana ɗaya hanjinsa ba ya iya ɗaukarta. Mun yi iya ƙoƙarinmu, kwana 3 ya yi.

Saboda haka a riƙe wannan: cikin awa 1 ɗan ya miƙe, cikin awa 2 ya kama nono, cikin awa 3 mabiyiya ta faɗo. In ɗaya ya saɓa, a kira ma'aikacin dabbobi nan take, kuma kada a ja mabiyiya da hannu. A tsoma cibiya cikin aidin. Saura wata ɗaya ta haihu, a kawo mana goɗiyar mu yi mata allurar tetanos, kariyar za ta bi daƙashi ta isa ga ɗan.