Sabunta Jerin Dubawa a Manhajar Kula da Jirage Marasa Matuƙa

Jerin dubawa shi ne matakan da mai sarrafa jirgi maras matuƙi yake bi ɗaya bayan ɗaya kafin ya tayar da jirgi, da lokacin da yake sama, da bayan ya sauke shi. Da can a takarda ake rubuta shi. Yanzu yana cikin manhajoji irin su AirData da DroneLogbook da QGroundControl, matuƙi, wato mai sarrafa jirgin daga ƙasa, yana latsa kowane mataki a waya ko kwamfuta idan ya cika shi.

Asalinsa

Daga manyan jiragen sama aka gaji wannan ɗabi'a. A ranar 30 ga Oktoba, 1935, jirgin gwaji na Boeing Model 299 ya faɗo a filin Wright da ke jihar Ohayo ta Amurka, saboda an manta ba a kwance makullin da ke ɗaure wutsiyarsa ba. Matuƙan ƙwararru ne, abubuwan tunawar ne suka fi ƙarfin kan mutum ɗaya. Daga nan aka soma rubuta jerin.

Abin da ke jawo sabuntawa

Jerin da aka rubuta bara ba lallai ya dace da jirgin bana ba. Kamfani kan sauya manhajar cikin jirgin, a sayo sabon batir, ko a ɗora tankin feshi a inda da kyamara ce kawai. Doka ma tana motsawa. A Najeriya hukumar kula da sufurin jiragen sama, NCAA, ce ke ba da izinin aiki, bayan tantancewar Ofishin Mai Ba Shugaban Ƙasa Shawara kan Tsaro, kuma iyakar tashin da aka saba ita ce ƙafa 400, kusan mita 120. A Maris 2021 gwamnatin tarayya ta hana shawagin jirage a samaniyar Zamfara saboda matsalar tsaro. Duk jerin da babu tambayar "an halatta tashi a nan yau?" a cikinsa, a ranar ya tsufa.

Sai yanayi, wanda masu kwafo jeri daga Turai suka fi yin sake da shi. Mai auna gonakin shinkafa a fadamar Argungu ba aiki ɗaya yake yi ba a hunturu da bazara. Da hunturu ƙura tana shiga injinan farfela, hazo kuma yana rage nisan gani, alhali ƙa'ida ita ce jirgi ya tsaya inda ido ke hango shi. A Afrilu zafi kan haura digiri 40, wato iyakar da masu ƙera ƙananan jirage da dama suka gindaya, don haka a ƙara matakin taɓa batir a duba ko ya kumbura, a kuma hana ajiye shi cikin mota a rana. Da damina, wurin da aka sauka jiya yana iya kwana cikin ruwa. Tsayin da jirgi zai hau idan zai komo da kansa dole ya wuce giginya da ƙarfen sabis na wurin. Wanda ke aiki kusa da filin jirgin Sir Ahmadu Bello na Birnin Kebbi kuwa, nasa jerin yana buƙatar matakin neman izini na daban.

Yadda ake yi

Mutum ɗaya, galibi babban matuƙi, shi ya kamata ya riƙe ikon gyara. Ya sa wa sabon jerin lamba da kwanan wata, a gwada shi a fili, sannan a tura wa sauran. Ba a goge tsohon, domin idan jirgi ya faɗi, mai bincike zai nemi jerin da aka bi a ranar. Yadda ake ƙarawa haka ya kamata a riƙa ragewa: jeri in ya yi tsawo, yatsa ne ke latsawa ba tare da ido ya duba ba.

Babbar matsalar a karkara ita ce sabis. An gyara jeri a ofis, amma wayar matuƙin da ke ƙauye tana nan da tsohon. Zamfara ta ga mafi munin wannan matsala a Satumba 2021, da aka katse layukan sadarwa a faɗin jihar. Shi ya sa ya fi kyau matakin farko ya zama duba lambar jerin kafin a bar gari, a kuma buga kwafin takarda a saka cikin akwatin jirgin.